Kunyar da Jatau Ya Tsallake

Ku 'yan yanzu, ku saurara, don ba zan maimaita ba. Na ga yadda kuke tafiya kamar an ɗaura muku garwashi a ƙafa. Babba yana zaune ya miƙe ƙafa, ku tsallake shi ku wuce. Kwanon abinci a ƙasa, ku tsallake. Ana magana ba a kai ƙarshe ba, kun riga kun amsa. In an ce ku kewaya, sai ku turo baki ku ce da nisa. Jiya da idona na ga wata a cikinku ta tsallake ƙaninta yana kwance, da na yi magana ta ce wai sauri take yi. Saurin zuwa ina? Ku zauna, ku naɗe ƙafafun nan, in gaya muku inda na ga ƙarshen mai tsallake.

Ni ce Kuluwa, 'yar masaƙa faifai ta garin Tudun Ƙaya. Na bi ƙasar da dutse yake numfashi, na ratsa fadamar da tsuntsaye suke satar suna, na tsaya a bakin Tekun Baƙin Gishiri inda ƙasa ta ƙare. Ban je neman zinariya ba, ban je neman ilimi ba. Hankalin mijina na je ɗaukowa, kuma a cikin hula na kawo shi.

Mai gidana falke ne, mutum mai sanyin tafiya da sanyin magana. Tun da aka kai ni ɗakinsa bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa kiran nasa ba, kuma ba yau zan fara ba. In ya dawo daga fatauci sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi gyaran murya, ya ce, "Da mutane a gidan nan?" Ni kuma in ce, "Da su." Iyakar kiranmu ke nan, kuma ya ishe mu.

Yana da ƙane, Jatau, saurayi ja mai dogayen ƙafafu, wanda a tsaye yake cin tuwo. A shekarar da 'yarmu ta fari ta rasu, su biyu suka bi ayari zuwa bakin teku sayen baƙin gishiri. Da suka dawo, Jatau ne a gaba yana jan jaki, mai gidana kuwa a ɗaure a kai kamar mangala. Aka sauke shi a bakin ƙofa. Na tsaya a ciki ina jiran gyaran murya. Ba ta zo ba.

Idonsa a buɗe, amma ba kowa a ciki. In an ba shi abinci ya haɗiye, in ba a ba shi ba bai nema ba. Yini yake a zaune yana zana wani abu a ƙasa da yatsa, zagaye cikin zagaye, ya share, ya sake. Da na zo canza masa riga na ga shatar igiya ta ci masa fata a ƙarƙashin hammata.

Na ce, "Jatau, wannan fa?"

Ya ce, "Zazzaɓi ne ya kama shi a hanya, matar yaya. Na ɗaure shi a kan jaki don kada ya faɗi. Ko so kike in goyo shi?"

Aka yi rubutu, aka yi turare, aka yi sassaƙe. Mai gidana sai ƙara ramewa yake. Rannan wani tsohon falke ya shigo dubiya. Da ya ga zanen nan a ƙasa sai ya ja da baya, ya ce da surukata, "Iya, wannan ba ciwo ba ne. Ɗanki ya shiga Gammon Rairayi da ke bakin teku, bai fito ta ƙofa ba. Hankalinsa yana can. A ɗauki hularsa a je a ɗebo shi, kuma a yi da wuri, don jikin da ba kowa a ciki ba ya daɗewa."

Iya ta dubi Jatau. Jatau ya dubi ƙasa.

Na ce ni zan je. Jatau ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Ke, matar yaya? Ke da rijiyar bayan gari ma sai kin zauna a hanya?"

Na ce, "Kai dai kama jaki, mijin da ba ya cefane."

Iya ta ce, "Kai ka san hanya, kai za ka kai ta. Kada in sake jin bakinka."

Na naɗe hular a cikin zanena, muka bi ayari muka nufi yamma.

Bayan mun wuce garuruwan da ake jin harshenmu, muka iso Dutsen Numfashi. Hanya ta cikinsa ta bi, wata tsaga ce mai duhu. In dutsen ya fitar da numfashi tsagar ta buɗe, iska mai zafi ta buso. In ya ja, bangon nan biyu su matso su haɗu. A bakin tsagar ƙasusuwan dabbobi ne a niƙe kamar tsaki. Madugu ya ce akwai lokuna a jikin bangon, a riƙa shiga ana fakewa in dutsen zai ja, a fito in ya saki. Na tsaya na saurari numfashin har ya zauna mini a kunne, kamar yadda mace take sauraron tabaryar 'yar'uwarta kafin ta shiga lugude. Na shiga, na fake, na fito, na sake fakewa. Jatau kuwa ya ce shi da gudu ɗaya zai ƙare. Ya daki jakinmu suka runtuma. A tsakiya dutsen ya ja. Ina cikin loko na ga rigarsa za ta wuce, na cafke ta na fizgo shi ciki. Jakin bai samu mai fizgo shi ba. Ƙarar da na ji a ranar har yau in ana fasa ƙwarya sai na toshe kunne.

Muka fita, na wanke shi tas a gaban mutane. Ya riƙe abin a ransa.

Gaba da nan muka shiga Fadamar Kira. Ciyawa ce ta fi mutum tsawo, a kanta wasu fararen tsuntsaye masu kama da balbela, sai dai harshensu irin na mutum ne, ja, mai faɗi. Madugu ya ce kada wanda ya kira sunan wani har mu fita, don tsuntsayen nan suna ɗauke suna su kai wa teku. Muka yi ta tafiya da nuni da hannu. Tsuntsayen suna biye da mu, sun karkata kai, suna jira.

Na tsaya cire ƙaya. Jatau ya waiwayo daga gaba, yana murmushi, ya ɗaga murya ya ce, "Kuluwa, hawainiyar yaya, sai mun kwana a nan ne?"

Fadamar gaba ɗaya ta tashi. Sama ta yi fari da fukafukai, kowane tsuntsu yana cewa Kuluwa, Kuluwa, wani da muryar yaro, wani da ta tsohuwa. Suka yi yamma da sunan. Na ji kamar an fizge mini ɗankwali a tsakiyar kasuwa. Madugu ya dubi Jatau ya tofar da yawu.

Teku kuwa, ku da ba ku gan shi ba, ruwa ne baƙi da ya miƙe har ya haɗu da sama, ba tsallake, ba ƙarshe. Shi ma numfashi yake. Da safe ya ja baya can nesa ya bar fili na jiƙaƙƙen rairayi, in hantsi ya ɗaga ya dawo ya rufe. A filin nan na ga tsofaffin mata a sunkuye da fartanyar ƙashin kifi, suna tada kunya kamar ta gonar gero. Sai dai kunyar ba a miƙe take ba. Naɗe take, zagaye cikin zagaye, faɗinta ya kai gari. Na gane ta nan take. Ita ce mai gidana yake zanawa da yatsa.

Jatau ya ja hularsa ya rufe goshi, ya ce a hankali, "Noman rairayi suke yi kullum, ba su taɓa girbi ba."

Babbarsu, wadda suke kira Magajiya, ta miƙe ta dafa ƙugu. Doguwa ce, gishiri ya cinye mata gira. Ba ta dube ni ba, shi ta duba.

Ta ce, "Mai igiya ya dawo."

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, wace igiya?"

Ta ce, "Ke ce matar wancan bawan Allah? To bai gaya miki ba ke nan." Ta nuna filin da fartanya. "Wannan shi ne Gammo. Hanya ɗaya ce tsakanin kunya da kunya, ba ta rabuwa, ba a ɓata a cikinta. Mai nauyi a zuciya yakan shiga, ya bi ta sannu har tsakiya. A can yake sauke abin da ke kansa, har hankalinsa ya ajiye ya huta, sa'an nan ya ɗauka ya biyo hanyar ya fito. Mijinki ya ce mana ya binne 'ya bai iya kuka ba. Ya shiga, ya kai tsakiya, ya zauna. Wannan kuwa ya tsaya a waje yana ƙwala kira. Da ya ga ba a amsa ba sai ya kwanto igiyar jaki, ya wurga masa zarge, ya jawo shi a ƙasa ta kan kunyoyin nan kamar mushe."

Na juya na dubi Jatau. Ya ce, "Ayari zai tashi, matar yaya. Ruwa kuma yana tahowa. Taimakonsa na yi."

Magajiya ta ce, "Ruwa bai taɓa cin wanda yake kan hanya ba. An gaya maka a ranar."

Da ba don hular da ke cikin zanena ba, da na shaƙe shi a wurin. Na haɗiye. Na ce, "Inna, ni ba na durƙusa wa kowa sai Allah. In akwai yanka ko tsafi a ciki, ki gaya mini tun yanzu."

Ta ce, "Ba a yanka komai, ba a roƙon kowa. Tafiya ce kawai. Abin da kika saba faɗa wa Ubangijinki, ki riƙa faɗa a ranki. Wanda ya jawo shi ne zai shige gaba, ke ki bi shi da hular. A tsakiya ki ajiye ta baki sama har ta yi nauyi. Sharaɗin ɗaya ne. Kada ku tsallake kunya, komai kuka gani, komai kuka ji. Kwanakin mutum ne a naɗe a wurin nan. Wanda ya bi su, ya rayu da su. Wanda ya tsallake, ya tsallake su."

Jatau ya ce, "Inna, ni da kunya ai tun ina yaro muka rabu."

Ba wadda ta yi dariya a cikin matan. Na gaya wa Magajiya yadda tsuntsaye suka tafi da sunana. Ta ce, "To teku zai kira ki, 'yar nan. Ban san da wace murya ba."

Muka tuɓe takalma muka shiga.

Rairayin da sanyi kamar cikin randa. Na riƙe hular da hannu biyu, na sa numfashina ya bi ƙafata, in ɗaga in ce astagfirullah, in sauke in ce astagfirullah. Da farko bakina ne kawai yake faɗa. Zuciyata tana can tana zagin ƙeyar Jatau, tana tunanin ko an ba awakina ruwa, ko Iya ta iya ɗaga mai gidana ita kaɗai. Hanyar ta kawo mu dab da tsakiya, har ina hangen wurin, na fara murna. Sai ta juya ta mayar da mu can gefe, kusa da inda muka faro.

Jatau ya ce, "Kin gani ko? Wasa da hankalin mutane ne."

Muka yi ta naɗewa, muna warwarewa. Sannu a hankali awakin suka fita daga kaina, zagin ma ya gaji ya kwanta. Na daina jin tsuntsaye, na daina jin matan da ke waje. Ba abin da ya rage sai ƙarar rairayi a ƙarƙashin tafin ƙafata da numfashin teku daga nesa, ya ja, ya saki. Ban san lokacin da nawa ya daidaita da nasa ba.

A nan na lura da sawun.

Ɗan ƙaramin sawu ne, a gefen nawa, yana fitowa a kan rairayi ba mai taka shi. In na ɗaga ƙafa ya fito, in na tsaya ya tsaya. Ƙafar hagu ta ɗan karkata ciki. Na san mai wannan karkatar. Ni na riƙa miƙe mata ita da man shanu kowace safiya.

Gwiwoyina suka ce mu gudu. Amma in na gudu ina zan bi, kunya a dama, kunya a hagu? Na ci gaba da tafiya, sawun yana biye da ni, kamar yadda take bina zuwa rijiya tana riƙe da bakin zanena. 'Yata ce ta fari, ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. Ranar da aka fita da ita ma daka na kama, don kada a ce na yi rashin ta ido. Muka tafi tare, ni da ita, zagaye bayan zagaye, har tsoron ya sauka daga wuyana ya koma wani abu mai nauyi a ƙirji.

Tsakiyar Gammo ɗan kwari ne mai santsi, kamar inda aka daɗe ana ajiye tulu. A bakinsa sawun ya tsaya. Na zauna, na ajiye hular baki sama. Kukan da na hana kaina a gida, a nan ya zo, ba da ƙara ba, kamar yadda ruwa yake tsattsafowa daga sabuwar tukunya. Ban san iyakar zaman da na yi ba. Da na buɗe ido, ƙirjina sakayau, sawun kuma babu shi. Na taɓa hular na ji ta da ɗumi da nauyi kamar kaza a kan ƙwai, tana ƙamshin goro da zufar mai ita. Na matse bakinta, na rungume.

Jatau ya ce, "Matar yaya." Muryarsa ta canza. "Dubi can."

Teku ya taso. Ya riga ya shigo zagayen waje, yana bin hanyar da muka biyo, baƙi, siriri, yana naɗowa ciki kamar maciji mai neman raminsa. Hanyar fita kuwa ta cikinsa za mu bi.

Na ce, "Shige gaba. Sannu."

Muka kama hanya. Ruwan ya tarye mu, ya shafi yatsunmu, ya hau idon sawu. Sanyinsa har cikin haƙori. Hanyar ta kai mu gefen tudu, har muna ganin fuskokin matan, sai ta juya da mu ta nufi teku, inda igiyar ruwa take tashi tana faɗuwa. Jatau ya tsaya cak.

Ya ce, "Ga tudu nan kusa. Mu haura kawai."

Na ce, "Bi hanya."

"Hanyar cikin ruwa ta nufa, ba ki gani?"

"Na gani. Bi hanya, Jatau. Ka jawo ɗaya, kada ka jawo na biyu."

Ya ce, "To ki mutu ke kaɗai da hularki." Ya tattare riga, ya daka tsalle.

Da ya dira a bayan kunyar farko, na ga gemu ya cika masa fuska, shi da ko saje bai gama haɗawa ba. Na kira shi, bai waiwayo ba. Ya sake tsallakewa, furfura ta fito masa a ƙeya kamar an watsa gari. Shi bai ga kansa ba, tudu kawai yake gani. Ya tsallake ta gaba, dogayen ƙafafun nan suka lanƙwashe. Ya tsallake wata, bayansa ya rusuna, ya tofar da wani abu fari a ruwa, haƙoransa ne. Matan da ke tudu suka juya baya. Kunyoyin ƙarshe da rarrafe ya haura su, rigar tana jan ƙasa, ta yi masa yawa.

Na rage ni kaɗai.

Ruwa ya kai ƙwauri, ya rufe kunyoyin, ban ƙara ganin hanya ba. Sai na riƙa laluben ta da yatsun ƙafa, in tura ƙafa har in ji tudun kunya a dama, in ji a hagu, sa'an nan in taka tsakani. Tafiyar ta ƙara zama sannu a lokacin da duk jikina yake cewa sauri. Ruwa ya kai gwiwa. Na ɗora hular a ka, na danne da hannu. Na koma kan istigfarina, in ɗaga, in sauke.

Sai na ji an ce, "Kuluwa."

Muryar mai gidana ce. Sanyinta, da 'yar shaƙewar nan ta mai cin goro. Na juya. Ga shi tsaye a damana, kai ba hula, a rame kamar yadda na baro shi, ruwa ya kai masa ƙirji yana ja. Tsakanina da shi kunya ɗaya ce, ina jin ta da gefen ƙafata.

Ya ce, "Kuluwa, na biyo ki. Ruwa zai tafi da ni. Miƙo hannu, taku ɗaya ne."

Ƙafata ta ɗagu da kanta. Wace mace ce za ta ga mijinta yana nutsewa ta tsaya? Ruwa ya kai masa wuya, ya ɗaga haɓa, ya ce, "Kuluwa, Kuluwa."

A nan kunnena ya ƙi abin da idona ya karɓa. Mutumin da ranar da gobara ta kama rumbunmu ina ciki, ya tsaya a waje yana cewa, "Mutanen ciki su fito, mutanen ciki su fito." Ko wuta ba ta sa sunana ya fita daga bakinsa ba. Yau ruwa ne zai sa ya jera shi kamar mai talla?

Na mayar da ƙafata inda take. Na ce, "Mai gidana yana da kunya. Koma ka gaya wa tsuntsayenka ban amsa ba."

Abin ya buɗe baki, ya yi ta buɗewa har ya wuce inda bakin mutum yake tsayawa. A ciki harsuna ne jajaye masu faɗi, cunkus, kowanne yana kiran sunana. Na rufe ido. Ban sake buɗewa ba. Na bi hanyar da ƙafa kawai, kiran yana zagaya ni, yanzu a dama, an jima a hagu, wani lokaci dab da kunnena har ina jin hucinsa. Ruwa ya kai ƙugu, yana ture ni, amma ƙasar da nake takawa ba ta taɓa zamewa ba. Na yi ta tafiya. Kiran ya yi nisa. Ruwan ya sauka gwiwa, ya sauka idon sawu. Sai na ji busasshen hannu ya kama mini gwiwar hannu, Magajiya ta ce, "Buɗe ido, 'yar nan. Kin fito ta ƙofa."

A kan tudu wani tsoho yana zaune cikin rigar Jatau, yana jujjuya hannuwansa. Ya ɗago ya ce, "Matar yaya, me ya sami hannuna?"

Na roƙi Magajiya, don duk abin da ya yi ɗan Iya ne. Na ce ko in sake shiga da tasa hular. Ta girgiza kai. Ta ce yayansa ajiyewa ya yi, shi ya sa aka samu abin ɗaukowa. Shi kuwa bai ajiye komai ba, wucewa ya yi. Matan suka ba ni jaki. Ta shiga bukkarta ta fito da wata igiya mai zarge, ta ce, "Tasa ce, ya bari a nan. Ɗaure shi da ita kada ya faɗi."

Haka na jawo shi har Tudun Ƙaya. A fadama bakinsa bai buɗe ba. A Dutsen Numfashi ni na riƙa jan shi daga loko zuwa loko.

Na tarar da mai gidana ya zama ƙashi da fata, yatsan yana ta zagaye a ƙasa. Na durƙusa na kifa masa hular. Yatsan ya tsaya. Ya dubi bango, ya dubi turmi, ya dubi ƙafafuna da suka tsattsage. Sa'an nan ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Da mutane a gidan nan?"

Na ce, "Da su."

Iya tana share hawaye ta hangi tsohon da ke kan jaki a bakin ƙofa. Ta gyara mayafi, ta je ta durƙusa, ta ce, "Sannu da zuwa, baba. Daga ina?"

Ya ce, "Iya, ni ne."

Yarinyar da aka yi masa baiko da ita ta zo ta gan shi sau ɗaya, ta gaishe shi da kaka, aka mayar da kayan. Ya gwada zama cikin tsofaffi a gindin tsamiya, amma su kowa yana da abin tunawa, auren da ya yi, 'ya'yan da ya haifa, yunwar da ya tsallake da rai. In aka juyo kansa ba shi da komai, sai ya ce shi dai ya ga tudu. Samari abokansa kuma in sun gan shi sai su cire takalmi su rusuna. Ya koma zaure shi kaɗai, ya miƙe ƙafafun nan da suka bushe, yara suna kewaye su in za su wuce. Iya ce take dama masa kunu, ta tace, ta ba shi a baki, don ba shi da abin tauna. Bai ga kakar shekarar ba. Ya rasu da furfura har a gira, bai yi aure ba, bai haifu ba, kuma uwar da ta haife shi, wadda a ranar ko sanda ba ta fara riƙewa ba, ita ta rufe masa ido.